Diyyar da Ake Saye

Akwai wani benci a bakin titin da ya ratsa garin Shagari, titin nan da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga ya nufi Tambuwal da Jega. A nan muke zama bayan la'asar, kusa da rumfar wani yaro mai cajin waya da POS. Wata rana muna zaune sai ga wani dattijo da ya koyar da rabinmu a firamare. Ya yi sallama, muka tashi muka ba shi wuri. Ba za mu ambaci sunansa ba. Malam muke ce masa tun muna yara, Malam ɗin za mu ci gaba da ce masa.

Ya ciro waya daga aljihun gaba, ya miƙa wa ƙaraminmu. "Ɗana, duba wanga asusu, ka sa a tura musu dubu talatin da biyar. Ga kuɗɗin nan."

Yaron ya duba, ya miƙo mana. Saƙon imel ne da Turanci, tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya a sama, na EFCC a gefe. Wai an yi zama, an tattara sunayen mutanen da 'yan damfara suka cuta, sunan Malam yana ciki, an ware masa diyyar dala 750,000 a cikin katin ATM. Abin da ya rage kawai shi ne kuɗin aiko da katin.

Mun san labarin baya, ko da yake ba daga bakinsa muka ji ba. Shekara biyu kafin ranar, da aka biya shi wani kaso na kuɗin sallama bayan doguwar jira, wani tsohon ɗalibinsa ya nuna masa wata manhaja da ake zuba kuɗi suna haihuwa kullum. Sun yi wata biyu suna haihuwa a kan gilashin waya. Ranar da ya je cira, manhajar ta ƙi buɗewa, har yau.

Ɗayanmu ya kasa riƙe dariya. Wani ya ce, "Haba Malam, kai da ka koya muna lissafi?"

Malam bai yi fushi ba. Ya karɓi wayarsa, ya goge ta da bakin riga, ya ce, "Ni ba kuɗɗin banza ni ka nema ba. Haƙƙina na. An cuce ni, kuma ga wasu sun ce sun sani."

Tun daga ranar muke juya wannan magana. Mutumin da aka damfara, aka dawo aka sake damfararsa da alkawarin mayar masa da abin da ya rasa, me za mu kira shi? Amsar da ke bakin kowa ita ce wawa ko makwaɗaici. Mu ma ita muka bayar da dariyarmu. Yanzu muna ganin amsar ta yi mana araha da yawa.

Ga yadda sana'ar take, don wanda bai taɓa cin karo da ita ba. Wasiƙar takan zo da sunan wata hukuma da kowa ya taɓa ji a rediyo: Majalisar Ɗinkin Duniya, Babban Bankin Najeriya, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, hukumar FBI ta Amurka, ko EFCC. Takan fara da jaje. Ta ce an kama ɓarayin, an ƙwato dukiya, an ga sunanka a cikin kwamfutarsu. Wata har nasiha take yi maka: ka daina kula duk mai neman kuɗi a wurinka, macuta ne, mu kaɗai ne na gaskiya. Daga nan sai kuɗin aiko da kati. Ka biya, kati ya maƙale a filin jirgi, sai kuɗin kwastan. Ka biya, sai takardar shaidar cewa kuɗin ba na ta'addanci ba ne. Haka za a yi ta yi har aljihunka ya ƙare. Sau da yawa mai wasiƙar shi ne ɓarawon farko ya sake riga, ko kuwa wanda ya sayi jerin sunaye a hannunsa, domin a wannan kasuwa sunan wanda ya taɓa biya haja ce mai tsada. Kada kuma a ce ai mutanenmu ba su karanta imel. Duk mai babbar waya yana da imel, ko da yaron shago ne ya buɗe masa ranar da ya saye ta. Wanda bai leƙa can ba za a same shi a WhatsApp, ko a kira shi da Hausa tsantsa, da sallama da addu'a.

Ƙaryar ma ba daga iska aka ƙago ta ba. Lallai an taɓa yin hukumar biyan diyya ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An kafa ta a 1991, ofishinta yana Jeniba, aikinta kuma guda ne: biyan waɗanda suka yi asara lokacin da Iraƙi ta mamaye Kuwaiti a 1990. Daga kuɗin man Iraƙi ta biya dala biliyan 52.4, ta kammala a 2022, aka rufe ta. Ba ta taɓa sanin wanda aka cuta a Kajiji ko Dandin Mahe ba. Amma mutum in ya buga sunanta a intanet zai ga akwai ta, hankalinsa ya kwanta.

To, mu koma kan kwaɗayi. Hausawa sun ce shi ne mabuɗin wahala, sun kuma ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A kan tsohuwar 419 wannan hukunci yana da ƙafar tsayawa. Sunan nata aro ne daga sashe na 419 na kundin dokar laifuffuka da jihohin Kudu ke aiki da shi, kuma ƙashin bayanta shi ne gayyatar mutum ya zo a yi sata tare. Wasiƙun da aka riƙa rubutawa da sunan iyalan Janar Sani Abacha bayan rasuwarsa a 1998, alhali ba su san da su ba, abin da suke cewa ke nan: akwai kuɗi a ɓoye, ba mu aron asusunka mu fitar da su, mu yanka maka kaso. Haka Emmanuel Nwude da mutanensa suka yi wa wani babban ma'aikacin bankin Noroeste na Birazil, da labarin kwangilar filin jirgin sama a Abuja da alkawarin kamasho mai tsoka, har bankin ya yi asarar dala miliyan 242. EFCC ta zamanin Nuhu Ribadu ta kai shi kotu, aka ɗaure shi a 2005. Wanda ya amsa irin wannan kira ya san abin da aka kira shi yi. An cuce shi, amma shi ma da niyyar cuta ya fito daga gida.

Wasiƙar Malam ba ta kira shi sata ba. Kiransa ta yi ya zo ya karɓi adalci. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma shi ne abin da dariyarmu ta tsallake.

Akwai hadisin nan da kowane ɗan makarantar allo ya taɓa ji, na mumini da rami da sara sau biyu. Shi muke jefa wa irin su Malam, kamar an saukar da shi don a yi musu gori. Malaman sira sun kawo dalilinsa: wani mawaƙin Ƙuraishawa ne, Abu Azza, aka kama a Badar. Ya roƙi a sake shi saboda talauci da 'ya'ya mata, aka sake shi ba fansa bisa alkawarin ba zai sake taimaka wa yaƙi da Musulmi ba. Ya karya alkawari, aka sake kama shi bayan Uhudu, ya sake kawo roƙon nan, aka ƙi. Mutum guda ne, fuska guda, roƙo guda. Ramin ke nan, kuma duk mai ido zai gane shi. Malam kuwa ya gane raminsa sarai. Da za ka kawo masa wata manhajar zuba kuɗi yau, da sanda zai kore ka. Ya zama wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi. Abin da bai shirya masa ba shi ne mutumin da zai zo yana kwance da dafi a ƙafa, ya durƙusa ya ce sannu, ga magani. Waɗanda suka taɓa kallon gardawa a kasuwa sun san macijin da maganin a jaka ɗaya suke fitowa. Amma mai kallo ne ke da sararin lura da haka. Wanda aka sara, ƙafarsa yake kallo.

Kuma dafin damfara ba asarar kuɗi ba ce kaɗai. A garuruwanmu in ɓarayi suka haura gidan mutum da dare, da safe zaurensa cika yake yi da masu jaje. In gobara ce ko ambaliya, har karo-karo ake yi masa. Wanda aka damfara fa? Da hannunsa ya miƙa, saboda haka ba shi da zaman jaje. In ya faɗa, ya zama abin hira a majalisa, har yara su laƙaba masa suna. In ya yi shiru, sai ya riƙa kwana da abin shi kaɗai. Malam shiru ya zaɓa. Mun ji sai da aka yi watanni kafin iyalinsa su sani. Mu kuma da muka ji a bakin wasu, muka yi kamar ba mu ji ba. A ganinmu kara muka yi masa, rufin asiri ne irin wanda ɗalibi ke yi wa malaminsa. Ba mu ce karar laifi ba ce. Sai dai ga abin da ta haifar: shekara biyu cur, a garin da ya koyar da ɗaruruwan yara, ba a sami mutum ɗaya da ya zauna gabansa ya ce, "Malam, an zalunce ka" ba. Wanda ya fara faɗa masa wannan kalma ɓarawo ne.

Sai mu duba abin da wasiƙar ta sayar masa a kan naira 35,000. Ta ce masa ba wauta ya yi ba, laifi aka yi masa, har manyan duniya sun zauna a kansa. Ta ce lissafin da ya tsaya a tsakiya zai rufe. Ta ba shi ranar da zai shiga gida ya ajiye kuɗi gaban uwargida ba tare da ya ce komai ba, ranar da majalisar da ta yi dariya za ta yi tsit. Mutuncinsa aka ce za a aiko masa a cikin ambulan. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma wanda ke tsaye a gaɓa ba shi da bakin cewa ai da ka duba kaifinsa.

Amma akwai tambayar da masu wayo ke yi, kuma tambaya ce mai kyau. Ta yaya mutum mai ilimi bai ji ƙararrawa ta kaɗa ba da aka ce ya biya kuɗi kafin a ba shi nasa? Wa ya taɓa sayen haƙƙinsa?

Mu duka. A nan ne muke ganin gizo ke saƙar.

Tun a gargajiya muna da kafin alƙalami, ɗan abin da ake ajiyewa kafin malami ya fara aiki. Wannan tsakanin mutum ne da wanda ya je wurinsa da ƙafarsa. Amma ɗabi'ar ta bar zaure ta shiga ofis, ta canza sunaye. Ɗan fansho ya san fayil ba ya tashi daga tebur zuwa tebur da ƙafarsa. Wanda aka sace wa babur ya kai ƙara ya san za a ce masa babu mai a mota. An rubuta a bango cewa beli kyauta ne, kuma kowa ya san abin da ake nufi da "a ga Oga". Mai neman aiki ya sayi fom, mai neman taki ya ba da na goro, mai jiran tallafi ya biya kuɗin rajista ga wanda ya ce shi ke rubuta sunaye. Ba kowane ma'aikaci ke karɓa ba, kuma mun san waɗanda ba su karɓa, har muna yi musu kallon baƙi. Abin da muke cewa shi ne, mutumin da ya shekara sittin a cikin wannan makaranta ya haddace darasi guda: abin da yake naka ba ya isowa sai ka shafa wa hanya mai. Da aka ce wa Malam akwai kuɗin aiko da kati, bai ji baƙon abu ba. Da cewa aka yi kyauta ne, ba ko sisi, wataƙila a nan ne zai yi shakka. Ɗan damfara bai ƙirƙiro wannan hanya ba, ya tarar da ita a share ne ya bi.

Mu 'yan Shagari muna da dalilin tuna wani abu a nan. Ɗan garinmu, Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin siyasa, ya ƙaddamar da shirin gyaran ɗa'a a 1982 yana shugaban ƙasa, a 1983 kuma ya kafa ma'aikata sukutum don haka ya damƙa wa Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule. Ba ta daɗe ba soja suka karɓe mulki. Bayanta an yi shirye-shirye iri-iri masu kama da ita, kowanne da takensa a rediyo. Ba mu raina niyyar ba. Sai dai wa'azin rediyo sau ɗaya yake zuwa a rana, teburin ofis kuwa kullum yana koyarwa, kuma nasa darasin ne ke zama.

Alhali diyya ta gaskiya ba haka take tafiya ba, a ko'ina. A shari'ar Musulunci, wadda daga ita muka samo kalmar, wanda ya yi ɓarna ko danginsa su ke biya, wanda aka yi wa ɓarna karɓa kawai yake yi. Dokar Najeriya ta 2006 a kan irin wannan damfara ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ta kuma ce kotu ta umarci mai laifi ya mayar da abin da ya ci. A Amurka, a 2017, kamfanin aika kuɗi na Western Union ya amince ya ba da dala miliyan 586 saboda sakacin da ya bar 'yan damfara suka yi amfani da shi, aka raba wa waɗanda aka cuta, ba a nemi ko kwabo a hannunsu ba. A nan gida, dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su, tsarin da aka yi shi ne a raba wa gidajen talakawa naira 5,000 a wata. Ana iya gardama a kan yadda rabon ya gudana, an kuma yi. Amma babu inda takarda ta ce mai karɓa ya fara biya. Duk mai riƙe da kuɗinka da gaske, in akwai wani caji, ai a ciki zai cire. Wannan lissafin aji uku ne, kuma Malam ne ya koya mana shi.

Kada a ɗauka labarin dattijo ɗaya ne a ƙauye. A watan Afrilun 2025 dandalin zuba kuɗi na CBEX ya rufe da dukiyar dubban 'yan Najeriya, har fusatattu suka fasa ofishinsa a Ibadan, EFCC ta shiga bincike. Ba a jima ba aka sanar da waɗanda kuɗinsu ya maƙale cewa za su iya cira, amma sai sun zuba dala 100 ko 200, gwargwadon abin da ke asusunsu, don a tantance su. A nan ko rigar ba a sake ba. Kuma an sami masu biya, cikinsu da 'yan boko da ma'aikata. Haka aka ga irinsa bayan MMM ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016: ta dawo da sabon alkawari, wasu suka koma.

Sai dai in muka tsaya a nan mun yi wa Malam gata fiye da yadda gaskiya ta yarda, kuma shi da kansa ba zai so haka ba. Abin da ya rasa bai kai naira miliyan ɗaya ba. Abin da aka ce za a ba shi, a canjin lokacin, ya haura naira biliyan guda. Da muka nuna masa haka cewa ya yi, "Ni ko nawa kaɗai sunka ba ni ya isa, saura su riƙe." Mun yarda da shi, amma ba duka ba. Zuciya ba ta da shinge tsakanin gonar haƙƙi da gonar kwaɗayi, mutum yana cikin nome tasa sai ya ga ya shiga ta maƙwabci. In da gaske kuɗin da aka ƙwato daga ɓarayi ne, to rarar da ke kan nasa ta wasu ce da aka cuta kamar shi. Bai tsaya ya tambayi ta wa ce ba. Mu ma da mu ne, ba mu da tabbacin za mu tsaya. Akwai kuma wani rukuni da ba mu da uzurin ba su: wasiƙar nan ana watsa ta ne kamar iri, tana faɗa wa har wanda ba a taɓa damfara ba, kuma a cikinsu akwai masu amsawa da "e, ni ne". Wanda ya yarda ya shiga layin waɗanda aka zalunta da ƙarya don ya karɓi rabonsu, shi kam daddawarsa da wari.

Wani abin kuma da ke riƙe mutum ba kwaɗayi ba ne, ba neman haƙƙi ba ne, tsoron tsayawa ne. Mai haƙar rijiya da ya kai gaba goma bai ga ruwa ba, barin ramin ya fi masa ciwo a kan ƙara gaba ɗaya, domin ranar da ya fito ya karkaɗe jiki, ranar ce wahalarsa ta tabbata banza. Muddin yana haƙa, bai yi asara ba tukuna. Kowane biya da mutum ya yi wa masu wasiƙa yana ƙara wa tsayawar tsada. Shi ya sa na biyu ya fi na farko sauƙin fita daga aljihu, ko da ya ninka shi.

Da muka sake karɓar wayar muka duba asusun da aka ce a tura kuɗin, sai jikinmu ya yi sanyi. Ba sunan wata hukuma ba ne, sunan mutum ne, kuma suna irin namu, wanda za ka iya ji ana kira a kowane masallaci daga nan har Sifawa. Mun saba cewa 419 sana'ar wasu ce can Kudu, mu dai ana yi mana ne. Wataƙila mai rubuta wasiƙar yana nesa. Amma kuɗin sai sun sauka a wani asusu kafin su wuce, kuma asusun nan sau da yawa na wani yaro ne da ya ba da aron sunansa, ko ya sayar da lambobinsa na NIN da BVN a kan abin da bai kai kuɗin buhun gawayi ba. A 2025 EFCC ta yi gargaɗi a kan matasan da ke yawo suna sayen waɗannan lambobi a hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000. Da can muna da suna ga mai ajiye kayan sata: ɓarawon zaune. Yaron da ya sayar da lambarsa ba ya jin sunan ya hau kansa, tunda bai ga fuskar kowa ba. Fuskar kuwa tana nan, ta malamin da ya koya masa rubuta sunan da ya sayar.

Abin da ya fi mana wuya a ranar shi ne abin da za mu ce wa Malam bayan dariya ta lafa. Nuna masa cewa wasiƙar ƙarya ce abu ne mai sauƙi: adireshin da ta fito na Gmail ne, Turancinta da kansa zai ja masa jan biro. Amma in ka ƙwace wa mutum takobin da ya kama, sai ka miƙa masa wani abu. Mu kuwa abin da ke hannunmu shi ne magana mai ɗaci: kuɗin nan na farko, mafi rinjayen zato, sun tafi. Ana iya kai ƙara, ana iya sanar da banki, wani lokaci a dace, yawanci ba a dacewa. Ɓarawo ya zo masa da tabbas, mu masu ƙaunarsa muka zo da wataƙila. Ba mamaki ya fi jin daɗin muryar ɓarawon.

Mukan ce wa mutum ya dangana, ya bar wa Allah. Magana ce mai kyau in ta fito daga bakin wanda ya fara zama ya saurari yadda aka yi, ya yarda an yi zalunci, ya raka mutum inda za a raka shi. In ba haka ba, sai ta zama hanyar sallamar mai kuka don a ci gaba da hira. Dangana ba a umartar mutum da ita daga kan benci. Kuma wanda bai sami mai taya shi ɗaukar asara ba, zai ci gaba da neman wanda zai ce masa asarar ba ta auku ba.

Malam ya tashi ranar bai tura kuɗin ba. Muka yi ta yabon kanmu.

Bayan kwana tara ya dawo. Ashe washegari ya hau mota ya je Boɗinga, inda mai POS bai san shi ba, ya tura. Kwana uku aka ce kati ya iso Legas, kwastan sun riƙe, ana neman naira 120,000. Ya ce ya kwana yana lissafin tumakin da zai sayar, da asuba bayan ya idar da salla ya zauna ya sake karanta wasiƙar kamar yadda yake karanta jarrabawar yara, ya ga abin da ya gani. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Wanda ya yi ta farko shi ya fara cewa, "Malam, an zalunce ka, kuma mu ma ba mu kyauta ba." Malam ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya ciro takarda biyu daga aljihu. Ƙara ce ya rubuta da hannunsa, da rubutun nan nasa mai tsayi da muka sani a kan allo: ranar kowane saƙo, lambar asusu, sunan da ke kai, har da rasit ɗin POS ya maƙala da allura. Ya haɗa da labarin manhajar farko, wanda ranar ce muka fara ji daga bakinsa. So yake mu raka shi Sakkwato, bankinsa da ofishin EFCC.

Da safe biyu daga cikinmu muka same shi a tasha, ya sha farar riga da hula. Muna jiran mota ta cika sai ya matso ya rage murya.

"To, can ɗin, nawa aka biya kahin su karɓi takarda?"

Muka ce ba a biyan komai, Malam. Ya gyaɗa kai. Da ya ga mun juya muna magana da direba, sai ya zaro naira dubu biyu daga cikin kuɗin motarsa, ya ninke, ya sa a aljihun gaba tare da takardar.